Tsagar Da Ke Ƙarƙashin Faci: Da Me Ake Auna Tsufan Jirgin Sama?

Duk lokacin da jirgin sama ya faɗi a ƙasar nan, tun kafin a gama kwashe gawarwaki, tambayar farko da za ka ji a bakin jama'a, daga majalisar dokoki har majalisar mai shayi, ita ce: shekarun jirgin nawa? Haka aka yi a watan Mayun 2002, sa'ad da jirgin kamfanin EAS ƙirar BAC 1-11 ya faɗa kan gidajen bayin Allah a unguwar Gwammaja ta birnin Kano, ya yi sanadin rasuwar fiye da mutum ɗari, cikinsu har da Ministan Wasanni Ishaya Mark Aku. Gwamnatin Tarayya ta amsa tambayar da doka, ta dakatar da irin wannan jirgi, ta kuma sanya shekara 22 a matsayin iyakar tsufan jirgin da za a yarda a shigo da shi domin jigilar fasinja. Tambayar ta sake dawowa a 2005 bayan haɗarin Bellview da na Sosoliso, ta dawo a 2006 bayan na ADC wanda ya ɗauke mana Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah Ya jiƙansa, ta kuma dawo a 2012 bayan na Dana. Amma rahotannin masu bincike ba su ɗora alhakin ko ɗaya daga cikin waɗannan haɗurra a kan tsagewar jikin jirgi ba.

Wannan ba yana nufin tsoron jama'a na banza ba ne. Jirgin sama yana tsufa, tsufan nan kuma ya sha yin kisa. Abin da nake so mai karatu ya duba tare da ni shi ne cewa kalanda ba ta cika nuna irin wannan tsufa ba, kuma wanda ya tsaya ga ƙirga shekaru kaɗai zai iya buɗe wa jirgin da ya fi kowanne haɗari ƙofa, yana mai cewa ai doka ta cika.

Bari mu fara da yadda ƙarfe ke gajiya. A can sama, wajen ƙafa 35,000, iska ba ta isa ɗan Adam ya rayu, saboda haka ake hura iska cikin jirgi a matse ta, har fasinja ya ji kamar yana kan tsaunin da bai wuce ƙafa 8,000 ba. Bambancin da ke tsakanin iskar ciki da ta waje yana tura kowane murabba'in mita na jikin jirgin da nauyin da ya kai tan biyar. Fatar da ke ɗauke da wannan nauyi kuwa fallayen alminiyam ne, wanda a wasu sassan tsohon Boeing 737 kaurinsa bai cika milimita ɗaya ba. Jirgi ya tashi ya kumbura, ya sauka ya saki. Wannan tashi da sauka guda shi injiniyoyi ke ƙirgawa a matsayin zagaye ɗaya. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta yi zafi ta karye ya san sauran bayanin: ba ƙarfin lanƙwasa ɗaya ne ya karya ta ba, yawan maimaitawa ne.

Turawan Ingila ne suka fara biyan kuɗin wannan darasi. Jirginsu Comet, wanda shi ne jirgin fasinja mai injin jet na farko a duniya, ya tarwatse a sama sau biyu cikin wata uku a 1954, duk bayan tashi daga birnin Rum na Italiya. Jiragen nan sababbi ne fil, ba wanda ya kai shekara uku yana aiki. Sai da masu bincike a Farnborough suka nutsa gangar jikin wani Comet cikin tankin ruwa, suna matsa shi suna saki dare da rana, ya tsage a kusurwar wata taga bayan zagaye dubu uku da 'yan kai, sannan aka gane inda gizo ke saƙa. Bayan shekara 23, a watan Mayun 1977, wani Boeing 707 na dakon kaya na kamfanin Dan-Air ya rasa ɓarin fiffiken wutsiyarsa yana shirin sauka a Lusaka ta Zambiya, mutum shida da ke ciki suka mutu. Da aka duba sauran jiragen irinsa sai aka samu tsaga a wuri guda a da dama daga cikinsu. Daga nan tunani ya sauya: a daina zaton za a ƙera jirgin da ba zai tsage ba, a ɗauka tsaga za ta zo, a lissafa saurin girmanta, a kuma tsara bincike yadda za a kama ta tun ba ta kai munzalin yin ɓarna ba.

Haɗarin da ya tilasta wa duniya yin dokokin tsofaffin jirage shi ne na kamfanin Aloha a tsibiran Hawai na Amurka. Ranar 28 ga Afrilu, 1988, wani Boeing 737-200 ya tashi daga Hilo zuwa Honolulu da mutum 95. Yana kaiwa ƙafa 24,000 sai rufinsa, tun daga bayan ƙofar gaba, ya yaye tsawon fiye da mita biyar, fasinjojin layukan gaba suka tsinci kansu a sarari, ba abin da ya riƙe su sai ɗamarar kujera. Iska ta fizge shugabar ma'aikatan cikin jirgin, Clarabelle Lansing, wadda ta shekara 37 tana wannan aiki, ba a kuma ga gawarta ba har yau. Da ikon Allah matuƙan biyu suka sauke abin da ya rage na jirgin a tsibirin Maui bayan minti goma sha uku, da inji ɗaya, mutum 65 suka jikkata.

Shekarun wannan jirgi 19. Da a ƙasar nan ne bayan 2002, da ya tsallake shingen shekara 22 ba tare da kowa ya ɗaga masa gira ba. Sa'o'in da ya yi a sama 35,496 ne, adadin da ba zai tayar wa kowa hankali ba. Amma zagayensa 89,680 ne, alhali an ƙera shi ne da lissafin 75,000. Dalili kuwa shi ne aikinsa tsalle ne daga tsibiri zuwa tsibiri, tafiyar da ba ta cika rabin sa'a ba, sau da yawa a yini, cikin iskar teku mai gishiri da laima.

Yadda abin ya faru ya cancanci a tsaya a kansa. Fallayen fatar jirgi suna hawa kan juna ne kamar yadda kafinta ke jera kwanon rufi, a ɗinke haɗin da layuka uku na ƙusoshi. A 737 na farko-farko, kamfanin Boeing yana haɗawa da wani irin gam da ake sa wa a tsakanin fallayen, da nufin gam ɗin ya ɗauki nauyi, ƙusoshi su zama mataimaka. Ashe gam ɗin ba ya kamawa daidai a ko'ina, laima na shiga, tsatsa na ci, fallaye na rabuwa, nauyi duka ya koma kan ƙusoshi. Kan kowace ƙusa kuwa an lotsa shi cikin fatar ne domin kada ya tokare iska, kuma da yake fatar siririya ce, ramin ya bar baki mai kaifi kamar na wuƙa. Daga wannan baki ne 'yan ƙananan tsaga suka riƙa fita dama da hagu, a ramuka da yawa a jere, kowace ba ta kai a gan ta da ido ba. Mai karatu ya tuna layin hudojin da ke tsakanin kan sarki da ɗan'uwansa a gidan waya: ba sai an sa almakashi ba, ja ɗaya ya isa. Boeing ya daina wannan hanyar gam tun 1972, ya kuma aika wa masu jirage takardun gargaɗi. Hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, FAA, ta ba da umarnin dole a 1987, sai dai ta taƙaita shi ga wasu layukan haɗi, kuma layin da ya yage a jirgin Aloha ba ya cikinsu.

Sai kuma ɓangaren ɗan Adam, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. Umarnin ya buƙaci a duba ƙusa kusan 1,300 ɗaya bayan ɗaya. Babban binciken jirgin, wanda ya kamata a ajiye shi a tuɓe shi gaba ɗaya, kamfanin ya yanyanka shi gida 52, ana yin kowane yanki da dare domin jirgi ya koma neman kuɗi da safe. Ka ƙaddara mutum yana rataye a saman jirgi da asuba, da tocila a hannu, ya duba ƙusa ɗari tara bai ga komai ba. Da wane ido zai dubi ta ɗari tara da ɗaya? Wata fasinja ta shaida wa masu bincike daga baya cewa ta ga tsaga kusa da ƙofa lokacin da take shiga, amma ta yi shiru, tana ganin ai masu jirgi sun fi ta sani. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta ɗora alhakin a kan tsarin kula da jirage na kamfanin, ta kuma haɗa da sakacin hukumar da ke sa masa ido. A 1991 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar kiyaye lafiyar tsofaffin jirage, bayan an riga an wajabta shirin yaƙi da tsatsa, an kuma wajabta a sauya wasu sassa idan sun kai adadin zagaye, maimakon a dogara ga duba su kawai.

To, wannan tsagar da ba a gani ba ke nan. Wadda ta fi ban tsoro ita ce wadda aka ce an gyara.

A watan Yunin 1978 wani Boeing 747 na kamfanin jiragen Japan ya goga wutsiyarsa a ƙasa wajen sauka a Osaka. Abin da ya lalace shi ne bangon baya, wani faifan ƙarfe mai siffar ƙwarya wanda ke toshe ƙarshen ɗakin fasinja ya riƙe matsattsiyar iska. Ma'aikatan Boeing da kansu suka zo gyara. Zanen gyaran ya ce a haɗa sabon ɓari da tsoho da falle ɗaya mai ɗauke da layi uku na ƙusoshi. Su kuwa suka yanka fallen gida biyu, ta yadda a wani tsawo layi ɗaya ne kaɗai ke ɗauke da nauyin, suka shafe wurin da abin toshe kafa, ya fito tsaf a ido. Jirgin ya yi tashi fiye da 12,000 a haka. Ranar 12 ga Agusta, 1985, minti goma sha biyu bayan ya bar Tokiyo, bangon ya fashe, iskar ta yi awon gaba da mafi yawan wutsiyar, ta tsinke dukkan hanyoyi huɗu na man da ke juya fikafikai. Matuƙan sun yi minti 32 suna kokawa da jirgin da ba ya jin linzami kafin ya daki tsauni. Mutum 520 suka mutu, huɗu suka tsira, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgi ɗaya da ya ci rayuka kamarsa ba. Shekarun jirgin goma sha ɗaya.

Makonni uku cif bayan musibar Gwammaja, ranar 25 ga Mayu, 2002, wani 747 na kamfanin China Airlines na Taiwan ya wargaje a sama da teku a kan hanyarsa ta zuwa Hong Kong, duk mutum 225 da ke ciki suka halaka. Wannan kam ya cika shekara 22, kuma ana gab da sayar da shi ga wani kamfani. Mai neman hujjar dokarmu zai ce ga ta nan. Amma da aka tsamo tarkacen daga ƙarƙashin ruwa sai aka ga cewa an shuka ajalin jirgin ne tun yana ɗan wata shida. A watan Fabrairun 1980 shi ma ya goga wutsiya a Hong Kong. Ƙa'idar gyara ta ce a yanke fatar da ta karce a sa sabuwa, ko a goge karcen sarai sannan a ɗora facin da ya zarce wurin da kyau. Aka bar karcen yadda yake, aka ɗora faci a kai, aka rubuta a littafi cewa an yi gyara bisa ƙa'ida. Shekara 22 tsaga tana girma a ƙarƙashin facin, inda ba idon da zai kai, har ta doshi mita biyu. Wasu hotuna da aka ɗauka watanni kafin haɗarin sun nuna tabon hayaƙin taba a gefen facin, alamar iskar ciki ta daɗe tana zurara ta wurin tun zamanin da ake shan sigari a jirgi. Ba wanda ya karanta wannan alama.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan sana'a ba haka abin yake ba. Wanda ya yi facin ƙarya yana iya yin ritaya, har ya rasu, kafin ruwan ya sauka a kan mutanen da ba su ma san da shi ba.

Aikin duba tsaga ba sihiri ba ne, sananne ne, tsada da gajiya kawai gare shi. Ido da madubi da tocila su ne matakin farko. Bayansu akwai na'urar da ake gogawa a gefen ƙusa, mai aika igiyar lantarki cikin ƙarfe ta nuna inda ya katse ko da fenti ya rufe. Akwai mai aika sauti, 'yar'uwar wadda ake duba mai juna biyu da ita a asibiti. Akwai hoton ƙashi. Akwai kuma wani ruwa mai launi da ake shafawa ya shige tsaga ya tona asirinta. Kowace tana buƙatar mutumin da aka horar aka kuma jarraba. Gwargwadon irin jirgi, bayan kamar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ana ajiye shi makonni domin binciken da ake kira C, bayan shekara shida zuwa goma kuma a yi babban binciken D, inda ake fitar da kujeru da bandakuna da ɗakin girki, a ɗaga daɓe, a kai ga haƙarƙarin jirgin. Ƙarƙashin bandaki da ɗakin girki nan ne tsatsa ta fi samun wurin zama, saboda abin da ke tsiyaya. Idan an samu tsaga, littafin gyara na maƙerin jirgin ne ke faɗin girman facin, da kaurinsa, da yawan layukan ƙusa. Idan ta wuce abin da littafi ya tanada, sai an koma ga maƙerin ya zana gyara na musamman. Kuma faci ba ƙarshen magana ba ne, shi kansa yana da ranakun da za a riƙa komawa ana duba shi da abin da ke ƙarƙashinsa muddin jirgin na tashi.

Domin a yi adalci, masu dokar shekara 22 ba su rasa hujja ba. Hukumar FAA da kanta ta amince a 2010 cewa akwai inda bincike ke ƙarewa, ta wajabta wa maƙera su faɗi adadin zagaye ko sa'o'in da idan jirgi ya kai, sai a ajiye shi, sai fa in an kawo sabuwar hujjar gwaji. Sannan akwai wata gaskiya ta kasuwa: tsohon jirgi yana da arahar saye da tsadar riƙo, kuma wanda araha ta ja shi ya saya, sau da yawa shi ne wanda ba zai iya tsadar ba. Ga ƙasar da a 2002 hukumarta ta NCAA ba ta daɗe da kafuwa ba, ba ta kuma samu cikakken 'yancin kanta ba sai da dokar 2006, shingen shekaru abu ne mai sauƙin aiwatarwa da wuyar murɗewa. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki shingen a matsayin magani. A watan Afrilun 2011 rufin wani 737 na kamfanin Southwest a Amurka ya ɓule tsawon mita ɗaya da rabi, yana da shekara 15 da zagayen da bai kai 40,000 ba, kuma bincike ya gano tun a masana'anta aka huda ramukan ƙusoshin a karkace. A 2019 aka gano tsaga a ƙarfen da ke haɗa fiffike da gangar jiki a 737 na zamani, aka ba da umarnin duba duk wanda ya haura zagaye 30,000 cikin kwana bakwai. Ba ɗaya daga cikinsu da ma'aunin shekaru zai kama.

Yanayin aikin jiragenmu na cikin gida ya fi kama da na Aloha fiye da yadda muke so mu yarda. Kano zuwa Abuja, Abuja zuwa Legas, Legas zuwa Fatakwal, duk gajerun tafiye-tafiye ne masu tara zagaye, kuma jirage da yawa suna kwana ne a bakin teku cikin laima. Mafi yawansu sun yi aiki a hannu biyu ko uku kafin su iso mu, kowane hannu da facin da ya bari. Shekaru da dama babban bincike sai an fita da jirgi waje an biya da dala, wanda ke sa duk lokacin da naira ta faɗi a samu mai neman a ɗaga masa ƙafa. Sai a farkon 2018 kamfanin Aero Contractors ya kammala binciken C na farko a kan 737 a Legas. Batun amincin littafin gyara kuwa, mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a je Taiwan a ɗauko mana misali. Jirgin DC-8 da aka yi haya daga wani kamfanin Kanada, wanda ya kama wuta ya faɗi a Jidda ranar 11 ga Yuli, 1991 da alhazanmu masu komawa Sakkwato, mutum 261 suka rasu, tayoyi ne marasa isasshiyar iska suka jawo shi, kuma bincike ya nuna an sauya alƙaluman iskar tayoyin a takarda.

Saboda haka idan 'yan majalisa suka kira shugabannin hukumar NCAA gabansu, akwai tambayoyin da suka fi ta shekaru amfani. Zagaye nawa kowane jirgi mai rajistar ƙasar nan ya yi, kuma nawa ya rage masa kafin iyakar da maƙerinsa ya sa? Kafin a ba shi rajista, an bi jikinsa an ƙirga facin da ke kai an gwada da abin da ke rubuce, ko kuwa takardun da mai sayarwa ya miƙo aka karanta a ofis? Facin da ba a san wanda ya yi shi ba, an ɓamɓare an ga abin da ke ƙasa? Sufetoci nawa hukumar ke da su da suka iya karanta na'urar duba tsaga da kansu, kuma nawa ake biyansu idan aka kwatanta da abin da kamfanonin da suke dubawa ke biyan injiniyoyinsu? Kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama ta Zariya tana nan tun 1964, ita ma a tambaye ta masu wannan ƙwarewa nawa take yayewa a shekara, kuma nawa daga cikinsu ke zama a ƙasar bayan sun karɓi takardar shaida.